Tambayoyinku: Zan je Sifaniya, me zan ci a gidan abincinsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Argungu, malamin gona ne a ɓangaren shinkafa. An zaɓe ni cikin waɗanda za su je ɗan gajeren kwas kan noman rani a birnin Balensiya na ƙasar Sifaniya, daga nan ina da niyyar leƙawa Garnada in ga kufan Andalus. Masu masaukinmu sun rubuto cewa za su kai mu cin tapas da kayan teku. Na duba hotuna a waya, na ga wasu halittu masu ƙafafu da gashin baki, wasu kuma a cikin ɓawo, hankalina bai kwanta ba. Innata ta ce in ɗaure kilishi da ƙuli-ƙuli in rufa wa kaina asiri. Shin waɗannan abubuwa sun halatta? Yaya zan yi in ci ban faɗa wa haram ba, ban kuma kunyata waɗanda suka gayyace mu ba?
Daga mai karatu a Argungu, Jihar Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ka gaida Inna, ka ce mata ƙuli-ƙuli da yaji su shiga jaka, kilishi kuwa ya jira ka a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shiga da nama ko madara da dangoginsu cikin kayansa, kuma kilishi nama ne ko ya bushe ƙayau. In jami'an kwastan suka gani karɓewa za su yi, wahalar Inna ta tashi a banza.

Tsoron da kake ji ka ɗora shi ne a inda bai kamata ba. Halittun nan masu gashin baki da suka tayar maka da hankali su ne abincin da Musulmi zai ci a Sifaniya da kwanciyar rai. Abin da za ka sa wa ido shi ne farantin da ya zo maka da fuskar gida: wake, ganye, ƙwai, dafa-duka. A nan naman alade yake ɓuya.

Ta fuskar shari'a maganar a buɗe take. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta mana farautar teku da abincinta. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. A kan haka malaman Malikiyya, mazhabar da aka rene mu a kanta, suka halatta abin da ke rayuwa a teku, kifi ne ko ba kifi ba: ƙaguwa, jatan lande, da masu ɓawo duka. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi, saboda haka in ka ga wani Baturke ko ɗan Pakistan a kwas ɗinku ya janye hannu, kada ka ɗauka ya fi ka tsoron Allah, kada kuma ka yi masa musu. Kowa da abin da ya karanta. Abin da ya rage shi ne ƙyanƙyami, shi kuwa sabo ke kawar da shi. Kai da ka tashi a bakin Matan Fada kana ganin ana fito da giwan ruwa da tarwaɗa da kurungu, bai kamata ɗan ruwa ya firgita ka don kawai ya fito daga ruwan gishiri ba.

Tapas ba sunan wani abinci guda ba ne, salon ci ne. Ƙananan farantai ake kawowa a ajiye a tsakiya, kowa ya sa cokali, ana hira, sau da yawa a tsaye. In an ci biyu ko uku sai a tashi a koma wani shagon. Ka ɗauka irin yawon da samari ke yi bayan isha'i ne, a tsaya wurin mai tsire, a gangara wurin mai ƙosai, a ƙare wurin mai shayi. A takardar abinci za ka ga girma uku: tapa shi ne ɗan ƙarami, media ración rabin faranti, ración cikakke wanda mutum uku za su taru a kai. Ku fara da kaɗan, ana ƙarawa.

In ni ne zan zaɓa maka na farko, gambas al ajillo zan ce. Jatan lande ne ɗanye, manya, an ɓare su. Ana kawo su cikin ɗan kaskon yumɓu mai ruwan ƙasa, man zaitun yana tafasa yana tsartsatsi har a kan teburin, tafarnuwa yankakkiya siri-siri ta fara yin ja, da ɗan busasshen barkono ɗaya ko biyu yana yawo a ciki. Kada ka taɓa kaskon, zai ƙona ka. Ka jira kumfar ta lafa, ka tsamo guda. Namansa fari ne da ratsin ja, yana da ɗan tauri a haƙori, ga zaƙi-zaƙi da ba za ka taɓa ji a busasshen da matanmu ke dakawa a miya ba. In naman ya ƙare aikin bai ƙare ba. Ka yago burodi ka dangwala a man nan da ya sha tafarnuwa, su kansu 'yan ƙasar abin da suka fi so ke nan, ba wanda zai kalle ka. Wasu masu girki suna ɗan yayyafa giya a ciki, don haka ka tambaya kafin a dafa, zan gaya maka yadda ake tambayar.

Bayansa akwai calamares, wata halittar teku mai laushi da ake yankawa zobe-zobe a turbuɗa a fulawa a soya, a matsa lemun tsami. Akwai pulpo a la gallega, mai hannuwa takwas ɗin nan da ka gani a hoto. Mutanen Galisiya na arewa maso yamma ne gwanayensa: a dafa shi ya yi laushi, a yanka da almakashi a kan akushin katako, a barbaɗa gishiri mai tsakuwa da garin jan tattasai, a kwarara man zaitun. Duk abin da ke cikinsa idonka na gani, shi ya sa nake yaba shi ga baƙo. A Balensiya ka nemi esgarraet, gasasshen jan tattasai ne da kifi mai gishiri da tafarnuwa. Ga tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankalin turawa mai kauri, ga patatas bravas, soyayyen dankali da miya mai ɗan yaji, ga pimientos de Padrón, ƙananan korayen tattasai da aka soya da gishiri. Duk abin da aka rubuta a la plancha a gabansa, gasawa aka yi a kan faffaɗan ƙarfe da mai da gishiri. A gidan da sana'arsu kayan teku ce, wanda suke kira marisquería, wannan shi ne mafi tsabtar zaɓi.

Sai inda nake so ka buɗe ido. Da ka shiga shagon tapas za ka ga cinyoyi a rataye a saman kanta, har da kofato. Jamón ke nan, busasshiyar cinyar alade, kuma ita ce abin alfaharin ƙasar. Wadda aka rataya ba za ta yaudare ka ba. Matsalar ita ce suna yanka ta ƙanana-ƙanana su watsa a abinci don ɗanɗano, har mai kawo abinci zai iya ce maka ba nama a ciki da zuciya ɗaya, don a wurinsa kayan haɗi ne. Croquetas, 'yan dunƙule-dunƙulen nan masu kyau da ake soyawa, galibinsu da jamón ake yi. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta mutanen Kurɗuba, da shi ake yi mata ado a sama. Waken da za a ba ka a Garnada, habas, da shi ake soyawa. A Balensiya akwai arroz al horno, shinkafar da ake gasawa a tanda, in ka gan ta sai ranka ya biya, alhali haƙarƙarin alade da tsiran jini ne a ciki. Kai, har wasu kifayen ba su tsira ba, akwai masu cusa jamón a cikin kifi kafin su soya. Kayan fulawa ma ka kula, wasu da kitsen alade ake murza su.

Ka rubuta waɗannan a takarda ka sa a aljihu: cerdo, jamón, chorizo, morcilla, panceta, tocino, lomo, manteca. Duk alade ne ko abin da aka yi da shi. Manteca kitsensa ne, mantequilla kuwa man shanu ne, kada su rikita ka. Na giya: vino, jerez, cerveza. Tambayar gajeriya ce. Ka nuna abincin ka ce "¿Lleva cerdo? ¿Lleva jamón? ¿Lleva vino?" Ma'anarta: akwai alade a ciki? Akwai jamón? Akwai giya? Ana furta ta kamar "yeba serdo, yeba hamon, yeba bino". Ka ambaci jamón da sunansa daban, saboda dalilin da na gaya maka. Matambayi ba ya ɓata, kuma ban ga inda suka ji haushin tambayar ba. Akwai Musulmi da yawa a ƙasar, musamman 'yan Maroko, sun saba ji.

A kayan teku giya ce abin lura. Almejas a la marinera, ƙananan masu ɓawo cikin romo, da farar giya ake dafa su a yawancin gidaje. Mejillones, masu baƙin ɓawo, ka ce a turara maka su da lemun tsami kawai. Wani lokacin ƙullun da ake tsoma abin suya ma da giya ake dama shi. Ruwan tsami na khal da suke jiƙa ƙananan kifi a ciki, boquerones en vinagre, ba komai, hadisi ya yabi khal a matsayin mahaɗi. Amma ga tarkon da na fi ji maka tsoro a garin da za ka: Agua de Valencia. Za ka ga tulu cike da ruwan lemu mai sanyi, a ce maka ruwan garin ne. Giya ce kala uku aka haɗa da lemu. Sangría da tinto de verano ma giya ce a cikinsu. Ka nemi zumo de naranja, matsattsen lemu zalla, ko mosto, ruwan inabi da bai tsimu ba, ko ruwa. Tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema.

Akwai abin sha ɗaya da zai faranta maka rai: horchata de chufa. Kunun aya ne, ba wani abu ba. A ƙauyen Alboraya da ke gefen birnin suke noman ayar, kuma da yake ba ta isar su, suna sayowa daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Nasu ya fi namu ruwa-ruwa, ba dabino ba kwakwa, amma ka sha da sanyinsa da rana tsaka.

Shinkafa kuwa, tunda sana'arka ce, Allah ya kai ka gidanta. Kudu da birnin kaɗan akwai tafkin Albufera, gonakin shinkafa sun kewaye shi, kuma tun zamanin Musulmin Andalus ake nomanta a yankin. Irinsu gajere ne mai ƙiba, bomba da senia, yana shan romo bai caɓe ba. A nan aka haifi paella, dafa-dukar shinkafarsu. Ta asalin, paella valenciana, da kaza da zomo da koren wake da za'afaran ake yi, wani lokaci har da dodon koɗi. Zancen yankan Ahlul Kitabi malamai sun yi saɓani a kan mahautan zamani, ni dai ban cin kaza ko nama a can sai a gidan da ke da shaidar halal. Ka nemi paella de marisco ta kayan teku, ko arroz del senyoret wadda aka ɓare komai ba sai ka yi fama da ɓawo ba, ko fideuà wadda taliya ce a madadin shinkafar. Da rana ake cinta, kuma yawanci sai mutum biyu sun haɗa ake ɗora ta, kuɗin da aka rubuta na kowane mutum ɗaya ne. Za ku jira kamar rabin awa. In ta iso cikin minti biyar, ɗumame ne. Faffaɗar tasa ce mai hannu biyu, shinkafar ba ta fi kaurin yatsa ba, kowa ya ci daga gabansa. Ka kankaro ƙanzon ƙasan, wanda suke kira socarrat, da shi ake gane gwanin mai girki. In Alhamis ta same ka a gari, da ƙarfe 12 na rana ka je ƙofar babbar majami'ar birnin ka ga kotun ruwa, inda wakilan manoma cikin baƙaƙen riguna ke yanke hukuncin rikicin ban-ruwa da baki, ba takarda. UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009. Malamin gona daga fadamun Kebbi bai kamata ya wuce ta ba.

Ka shirya wa lokacinsu. Abincin rana daga ƙarfe 2 zuwa 4 ne, na dare sai 9 ta wuce. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Balensiya sai wajen tara da rabi, don haka magariba za ta riske ka a lokacin cin abinci, ka san inda za ka yi ta. Da rana ka nemi menú del día, abinci kashi biyu da kayan zaƙi a kuɗi ɗaya, shi ne mafi sauƙi ga aljihu.

Saura maganar da ba zan ɓoye maka ba. Wuraren nan ana sayar da giya a cikinsu, ko da yake iyalai da yara da tsofaffi masu shan gahawa ma nan suke zama. Akwai hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Shawarata ka rubuta wa masu masaukinku tun yanzu, ka gaya masu ba ka cin alade ba ka shan giya, kuma ka fi son fitar rana. Mai gayyata ya fi jin daɗin a gaya masa da wuri a kan ya ga baƙonsa ya naɗe hannu a gaban abinci. In zaman ya juye ya koma na sha, ka yi godiya ka tashi. Kafin tafiya ka zauna da malaminka a kan wannan, ya fi ni sanin halinka.

A Garnada al'adarsu in ka sayi abin sha, ko lemun kwalba ne, za a haɗo maka da tapa kyauta, kuma mai shagon ne ke zaɓa. Saboda haka tun kana odar lemun ka ce "sin cerdo", wato banda alade. Ka gwada berenjenas con miel, soyayyen gauta baƙi da aka ɗiga wa zumar rake. In ka gaji da tambaya, ka haura unguwar Albaicín. Titin Calderería Nueva cike yake da shagunan shayi da abincin 'yan Maroko, a saman tudun kuma akwai babban masallacin da aka buɗe a 2003, shekara sama da 500 bayan faɗuwar birnin daga hannun Musulmi a 1492. Daga lambunsa kana kallon fadar Alhamra ido da ido.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Maigidana zai kai mu hutu birnin Malaga na Sifaniya. Ɗiyata 'yar shekara 9 in ta ci miyar da aka sa jatan lande sai jikinta ya yi borin jini, leɓenta ya kumbura. Ko kifi kawai zan riƙa saya mata?
Daga wata uwa a Gusau, Jihar Zamfara

AMSA: Hajiya, wannan ba abin wasa ba ne, kumburin leɓe gargaɗi ne, wata rana yana iya kaiwa ga maƙogwaro. Kafin ku tashi ki kai ta wurin likita, ya gaya maki iyakar abin da za ta guje wa, ya rubuta maganin da za ki riƙe a jakar hannu. Kifi kawai bai wadatar a matsayin kariya ba, domin romon da ake dafa paella da miyar kifi sau da yawa da kawunan jatan lande ake yin sa, kuma man suya ɗaya ne ake tsoma komai. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta 2011 ta tilasta wa masu abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar da irin wannan ciwo. Ki nemi kalmar crustáceos, dangin jatan lande da ƙaguwa ke nan, da moluscos, masu ɓawo da dangin calamares. Ki sa a rubuta maki a kati: "Mi hija tiene alergia al marisco", wato jikin ɗiyata ba ya karɓar jatan lande da masu ɓawo, ki miƙa wa mai kawo abinci a ko'ina kuka zauna. Lambar gaggawa 112 ce, kyauta.

In likita ya yarda mata da kifi, Malaga ta dace da ku. A bakin teku za ku ga ƙananan jiragen ruwa cike da yashi an hura wutar itace a ciki. Mai gashin yana tsire kifin sardin biyar ko shida a tsinke ɗaya, ya watsa gishiri, ya kafa shi a karkace a gefen wutar. Espeto ke nan, ba mai ba romo, kuma a watannin zafi ya fi kitse. Ki cire mata ƙaya da hannunki. Maigida kuma ya lura da farashi: babban kifi da manyan jatan lande da awo ake sayarwa, abin da aka rubuta na kilo ne ko na giram 100. Ya sa a auna a gaya masa kuɗin kafin a ɗora a wuta.

TAMBAYA: Malam, ni ba inda za ni, amma ina son in gwada wa iyalina ko da kala ɗaya. Wanne zai yiwu a nan?
Daga mai karatu a Yawuri, Jihar Kebbi

AMSA: Ƙanena, ku da kuke bakin Kwara kuna da abin yi. Ka sami tsokar giwan ruwa ɗanya, uwargida ta yanka ta ƙanana kamar kan babban yatsa, ta sa gishiri ta tsane ruwan da tsumma mai tsabta. A zuba man zaitun rabin kofin shayi a kasko, in babu man gyaɗa mai kyau ya isa. A yanka tafarnuwa ƙwaya shida siri-siri, a sa tun man bai yi zafi ba, wuta ƙasa-ƙasa, da busasshen barkono biyu. Da tafarnuwar ta fara canja launi a ƙara wuta a zuba kifin, minti uku zuwa huɗu ana juyawa a hankali kada ya farfashe. In tafarnuwar ta yi baƙi za ta yi ɗaci, sai an sake sabo. A matsa lemun tsami, a kawo shi cikin kaskon da burodi mai yawa.